Yadda Gwadabe Ya Raba Motar Bature da Hayaƙi

Ni Jummai mai abinci, duk Gauraka an sani ba na cin naman mutum a bayan idonsa. In ka ji na kama sunan wani ina yaga, to Gwadabe ne, shi kuwa halak ɗina ne, don taubashina ne, uwarsa ƙanwar ubana ce. Abin da zan faɗa muku yanzu na sha faɗa a gabansa, kuma har gobe in ya zauna a bencina sai na maimaita.

Rumfata tana nan gefen Suleja, a bakin titin da ya taso daga Kaduna ya nufi Abuja. Zana ce kawai ta raba ni da garejin Gwadabe, in har za a kira gindin mangwaro da tsofaffin tayoyi gareji. Ya kafa allo, ya sa an rubuta masa da jan fenti: Injiniya Gwadabe, Likitan Kafireta. A faɗarsa, in mota ta wuce a guje, daga kukanta kawai yakan gane ciwon da ke damunta. In ka yi masa gardama sai ya ce ai ta riga ta wuce, da ya tsayar da ita ka gani da idonka.

Shekarar da aka sha wahalar man nan ce, wadda layin motoci ke tasowa daga gidan mai ya wuce rumfata ya yi kwana. Direbobi sun zauna a layi har sun san sunayen 'ya'yan juna. Ni dai kasuwa ta buɗe mini, Gwadabe ma tasa ta buɗe, don kowa so yake a rage wa motarsa shan mai. Aikinsa ɗaya ne. Ya ɗaga bonet, ya sa sukudireba ya yi ta ɗaure ƙusar kafireta har sai motar ta fara tari, sannan ya ɗan sassauta ya ce an gama. Duk motar da ya taɓa ba ta sake dawowa, shi kuma ya ɗauki wannan shaida, wai aikin ƙwarai ba ya dawowa gyara.

Abu ɗaya ke cin ran Gwadabe, shi ne Abuja. Kullum da safe yana kallon motocin ma'aikata suna wucewa, yana cewa wurinsa na can, nan zaman jira kawai yake yi. So yake a gan shi cikin kakin kamfani, ya dawo Suleja ranar Juma'a ana cewa ga Injiniya ya zo daga Abuja.

To akwai wani bawan Allah da ke cin abinci a wurina, Mista Theophilus, mutumin wajen Kafanchan. Shi ke kula da motocin wani kamfanin gine-gine a Abuja, amma haya yake a unguwar Hashimi cikin Suleja, yana zuwa yana dawowa cikin wata farar Fijo da yake ji da ita. Mutum ne mai sanyi, ba ya ɗaga murya. Wata rana yana cin shinkafa da wake ya ce mini kamfaninsu na neman bakanike a yadin da suke ajiye motoci, har da ɗaki za a ba shi, in na san wani mai hankali in faɗa masa. Bai rufe baki ba na ji zana ta motsa. Gwadabe ne ya kutso ta ƙasa, ko zagayowa bai tsaya yi ba.

Ya gaishe shi, ya fara. Ya ce shi ya gyara motar da Turawa suka yi wa kuka suka bari. Ya ce akwai tirelar da ya yi wa magana kawai ta tashi. Na ce masa ya ji tsoron Allah, ya ce mace mai sayar da wake me ta sani a kan inji ban da na markaɗe. Mista Theophilus sai da ya gama cin abincinsa ya wanke hannu, sannan ya je ya buɗe but ɗin Fijo ya ɗauko wani abu a nannaɗe cikin tawul.

Mota ce, wallahi, amma tsawonta bai wuce babbar doya ba. Ja ce, da tayoyin roba, da eriya, da ɗan inji na gaske kamar gwangwanin tumatir, har da salansa. Akwai rimot da ake tuƙa ta da shi daga nesa. Ya ce wani Bature da suka daɗe suna aiki tare ne ya bar masa ita da zai koma gida, tare da galan ɗaya na man da take sha, wani mai na daban da ba a samu ko a Kaduna. Tun da Baturen ya tafi take wahalar da shi. Tana tashi, amma da an ba ta wuta sai ta shaƙe ta mutu. Ya ce ya san 'yar ƙaramar kafiretarta ce ke son saiti, shi kuma tsoron taɓawa yake.

"In ka daidaita ta kafin Asabar," in ji shi, "ni da kaina zan kai ka Abuja. Amma abu biyu. Kar ka zuba mata wani mai sai nata. Kuma dole ta riƙa hayaƙi. Man da ke laushe injin a cikin man da take sha yake, hayaƙin nan shi ke nuna tana samun isasshe. Haka Baturen ya ce."

Gwadabe ya karɓe ta da hannu biyu yana ta to Oga, to Oga. Fijo na ba da baya ya dube ni ya ce Baturen nan ashe bai san mota ba. Wani ɗan acaɓa da ke zaune ya ce ai babur ɗinsa ma yana hayaƙi, kuma lafiyarsa lau. Gwadabe ya ce wannan babur ne, duk abin da ke da ƙafa huɗu in ya yi hayaƙi to mutuwa yake shirin yi. Ya ce zai raba ta da hayaƙi, ya raba ta da shan mai, ranar Asabar Oga ya ga abin da bai taɓa gani ba. A nan dai bai yi ƙarya ba.

Ya share teburinsa ya ɗora ta. Farkon abin da ya yi, ya kwance fulogi ya manna a jikin injin yana jan igiya, yana jiran ya ga tartsatsi kamar na mota. Bai ga komai ba. Ya yi shela cewa fulogi ya mutu, ya gano ciwon tun kafin a je ko'ina. Sai ya ga wani ɗan ƙarfe mai batir a cikin kayan, ya ce bari ya ga ko na mene ne, ya cusa fulogin a bakinsa alhali babban yatsansa na kan tsinin. Ashe fulogin irin wannan mota ba ya tartsatsi, ja yake yi kamar garwashi. Na ji ƙauri kafin in ji ihu. Ya zo ya tsoma yatsan cikin ruwan wanke-wankena, yana cewa da gangan ya yi, haka ake gwada fulogin Turawa.

Daga nan ya koma kan mai. Kun san bakanike in yana son ya ga ko mai na zuwa, tiyo yake kamawa ya zuƙa da baki. To tiyon wannan bai kai kaurin tsinken tsire ba, Gwadabe kuma ya zuƙa da ƙarfin da yake zuƙar na tirela. Ya furzar, ya miƙe tsaye, ya zauna, ya sake miƙewa. Idanunsa suka yi ja, harshensa ya fito waje ya ƙi komawa. Na tsorata, gaskiya, don duk abinsa ɗan'uwana ne. Na ɗura masa manja ludayi guda, na bi da madara. Da ya dawo hayyacinsa abin da ya fara cewa shi ne man yana da kyau, ba a gauraya shi da kananzir ba.

Washegari ya aiko a ba shi aron tasa. Ban san me zai yi da ita ba, da ban bayar ba. Ya kwance kafiretar gaba ɗaya ya zube a ciki, kayanta ƙanana kamar tsabar gero, ya wanke da fetur. Akwai wata allura mai tsini da ke auna man da ke shiga injin, ita ce ran abin. Ya cusa ta a raminta, ya sa baki a ɗaya gefen ya hura don ya fitar da datti. Allurar ta tashi sama, ta tsallake zana, ba wanda ya ga inda ta sauka.

Ranar ba irin neman da ba a yi ba. Ya tankaɗe ƙasar garejinsa da rariyata. Ya sa masu jiran mai suka ɗaga ƙafafunsu. Ya kama wata kaza da yake zargi, ya ce a yanka, mai kazar ta ce sai dai a fara da shi. Can da azahar Ishaku, wani direban tanka mai ƙaton ciki da ya daɗe a layi, yana cin tuwo da miyar kuka a bencina, sai na ga ya tsaya cak. Ya sa yatsa ya zaro allurar daga tsakanin haƙoransa, ya ɗaga ta sama, ya tambaye ni ko yanzu da ƙusa nake yin miya. Kafin in buɗe baki Gwadabe ya fizge ta yana godiya, ya ce ya ma fi, yauƙin kuka ya wanke ta tas.

Na ce, "Gwadabe, bawan gidanmu, in ka kashe mini kasuwa a kanka zan dafa waken gobe."

Ya ce, "Ki yi haƙuri da ni zuwa Asabar. In na koma Abuja sai kin cike takarda kafin ki gan ni."

Da ya zo haɗawa, kaya suka yi saura, kamar yadda suke yi masa kullum. Akwai wani ɗan soso a bakin kafiretar mai tace ƙura, ya ce wannan na ƙasar sanyi ne, mura yake hana ta, a nan toshe mata numfashi kawai yake yi. Ya jefar. Akwai kuma ɗan sifirin da ke mayar da totur baya in an saki, ya ce shi ke riƙe ta, mota mai son gudu ba a ɗaure mata ƙafa. Ya sa shi a aljihu.

Abin mamaki, ta tashi. Ya ɗora ta a kan bulo, tayoyi a sama, ya ja igiya, sai ga ta tana ɓaɓatu tana fitar da shuɗin hayaƙi. Iska kuwa wajena take kaɗawa. Ban san me Turawa ke sa wa a man nan ba, amma hayaƙinsa ya fi barkono shiga ido. Cikin ɗan lokaci duk wanda ke bencina hawaye yake, manya-manyan direbobi riƙe da cokali suna sharɓe. Malam Garba, wani dattijo manomi da ke kawo mini doya daga Chaza, ya iso da kekensa ya tarar da mu haka. Ya jingine keken, ya cire takalmi, ya tsuguna ya ce Allah ya jiƙan rai, ya ba mu haƙuri. Ya yi addu'a mai tsawo, muka shafa, don ba wanda ya iya magana. Sai da ya gama ya tambayi wanda ya rasu.

Wannan ya ƙara wa Gwadabe ƙarfin gwiwa, ya ce kun gani, hayaƙin da ke sa mutane kuka shi ne wai lafiya. Ya kama allurar nan ya fara ɗaurewa. Yana ɗaurewa hayaƙin na raguwa, kukan injin na hawa. Daga ɓaɓatu ya koma kukan injin markaɗe, har mata biyu suka zo daga cikin unguwa da robobin wake da tattasai suna tambayar ina sabon injin. Ya kore su, ya ƙara ɗaurewa. Kukan ya zama wani siririn ihu mai shiga haƙori. Karnukan Gauraka suka amsa, awaki suka tsinke igiya. Mai shayi ya zo ya ce kofunansa na tafiya da kansu a kan tebur. Gwadabe ya karkata kai, ya lumshe ido, ya ce yanzu ta fara magana.

Na leƙa ta kan zana na ce masa mai motar fa ya ce ta yi hayaƙi. Ya ce mai mota daban, likita daban. Na ce to ni wari nake ji kamar an bar tukunya a wuta ba ruwa. Ya ce ƙamshin sabon aiki ne. Malam Garba ya matsa ya tofa yawu a kan injin, yawun ya yi cau ya ɓace nan take. Ya ce shi dai bai san mota ba, amma ko jaki ne ya yi wannan zafin a kai shi inuwa. Gwadabe ya kashe ta ya ce kowa ya tsaya a gonarsa.

Da yawan gwaji, batiran rimot da na cikin motar suka yi sanyi. Na ce ya nemi sababbi. Ya ce batir ba ya mutuwa, barci yake yi. Ya ciccije su da haƙori ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a kan kwanon rumfata su sha rana, kamar yadda yake yi wa na rediyonsa. Yana jiran su gasu ya shiga zagaya gari yana sallama. Ya je wa mai shayi, ya je wa mai faci, ya ce a yafe masa in ya taɓa ɓata wa wani rai, don tafiya ta kama shi. Ya yi wa mutum wajen goma alkawarin samo musu aiki. Ni ya ce zai duba ko kamfani na son mai dafa wa leburori, amma kar in sa rai, don can ana duba tsafta.

Ranar Asabar da hantsi Gauraka ta cika. Gwadabe ya sa an share filin da ke tsakanin rumfata da gidan mai, ya sa farar shadda, ya rataya sukudireba a aljihun gaba kamar biro. Masu jiran mai ba su da aikin yi, duk suka zagaye filin. Mista Theophilus ya iso, ya ajiye Fijo a gindin mangwaro, ya zauna ya ci abincinsa a natse, sannan ya fito tsakiyar fili ya tsaya.

Gwadabe ya yi jawabi. Ya ce yau za a ga bambancin ilimin littafi da na hannu. Ya ce Bature ya ƙera, shi ya gyara wa Bature kuskurensa. Ya ajiye motar a ƙasa, kuma sai a lokacin na tuna bai taɓa gwada ta a ƙasa ba, kullum a kan bulo take. Ya ja igiya. Ihun nan ya tashi, na ga fuskar Mista Theophilus ta canza.

"Ina hayaƙin?" in ji shi.

"Na cire, Oga. Kyauta."

Mista Theophilus ya miƙa hannu zai ɗauke ta, Gwadabe ya riga shi, ya danna rimot har ƙarshe. Ni dai jan abu na gani ya wuce. Ta bi ta tsakanin ƙafafun mai rake, ta shiga ƙarƙashin layin motoci, muna jin ihunta yana tafiya daga wannan mota zuwa waccan, direbobi na tsalle ɗaya bayan ɗaya kamar ana taka musu wutsiya. Ta ɓullo ta wajen gidan mai. Wani mai ba da hannu da ke tsaron layi ya ɗaga mata hannu ta tsaya, da ya ga ba ta da niyya ya haye kan famfo.

Gwadabe na ta murza rimot yana cewa kowa ya kwantar da hankali, gwajin birki yake yi. Ya murza ta juyo, ta nufo mu. A daidai nan batiran da suka sha rana suka ce ga garinku. Sitiyarin ya maƙale a karkace, totur kuma a buɗe, ga sifirin da zai mayar da shi yana aljihun Injiniya. Sai ta kama zagaye. Da'ira take yi mai faɗi, ba ta fita ba ta tsayawa, kuma a tsakiyar da'irar ba kowa sai Mista Theophilus, tsaye ƙiƙam, ya haɗe ƙafafu, yana juyawa yana bin ta da ido.

Kowa ya nemi tudu. Mata suka hau bencina, mai shayi ya hau teburinsa rungume da butarsa. Ishaku da cikinsa ya ɗare bonet ɗin wata tasi, bonet ɗin ya lotsa, mai tasin ya kama shi da faɗa daga kan rufi. Tulin doyar Malam Garba na bakin da'irar, duk zagaye sai ta ɗebi ɗaya ta watsar, shi kuma yana bin doyarsa yana salati. Wani ya jefa mata buhu ta wuce da shi. Wani ya kifa mata kwando, kwandon ya shiga zagaye shi ma, har aka fi tsoronsa, don yanzu ba a ganin mai ihun. Gwadabe ya bubbuga rimot a cinya, ya ciro batir ya ciza ya mayar, ya ɗaga eriya sama, ya hau taya don ya ƙara tsawo. Daga ƙarshe ya ajiye rimot ɗin ya shiga bin ta da ƙafa, shadda na tashi, yana kiran ta tsaya kamar akuya.

Na ce masa daga kan benci, "Likita, yi mata magana mana, irin wadda ka yi wa tirela."

Kwandon ya faɗi gefe, ihun ya ƙara sirancewa har na toshe kunne, sai kuma muka ji ƙit. Ta tsaya cak a gaban takalmin Mista Theophilus. Shirun da ya biyo baya har kunne yake yi wa ciwo. Gwadabe ya iso yana haki, ya ga injin na wani irin ƙauri, ya fizgi butar mai shayi ta ruwan sanyi ya kwara mata kamar lagireto. Abin ya yi cuu, wani abu a ciki ya ce ƙas.

Ya ɗaga ta sama duk da haka, yana sauya hannu don zafi, ya nuna wa jama'a tankin. Ya ce a duba, duk gudun nan ko rabi ba ta sha ba, kuma wa ya ga hayaƙi? Mista Theophilus ya karɓe ta da tawul, ya kama igiyar ya ja a hankali. Ko motsi ba ta yi ba, injin ya buga, ya haɗe ya zama dunƙule ɗaya. Ya sake ja, ya bari. Ya tsaya yana kallonta, ya sa gefen tawul ya goge mata ƙura a gilashi. Wallahi na ji tausayinsa har cikin raina, don na san ba abin wasa ya rasa ba, abin tunawa da abokinsa ne. Nan take na daina dariya.

Gwadabe ya ce ai ƙaramin abu ne, a bar masa ita zuwa wata Asabar. Mista Theophilus bai ko dube shi ba. Ya nannaɗe ta, ya ce mini, "Jummai, na gode da abinci," ya nufi Fijo. Jama'a suka buɗe masa hanya. Ya shiga, ya rufe ƙofa a hankali, ya murza makulli.

Fijo ta yi tari ta mutu. Ya sake murzawa, ta yi wani tarin, ta yi atishawa ta salansa, ta yi shiru. Motar da tun da na san ta bugu ɗaya take tashi. Sai ga Gwadabe ya sunkuyo ta taga yana murmushi. Ashe lokacin da bawan Allahn nan ke cin abinci, shi yana can ƙarƙashin bonet.

"Oga, ita ma na ɗan taɓa maka ita. Na ga tana shan mai da yawa. In ta saba za ta tashi."

Ya sa hannu a aljihun shadda ya fito da wasu ƙananan ƙarafa da guntun tiyo, ya ce waɗannan ma na ƙasar sanyi ne, ko Oga zai ajiye.

Mista Theophilus ya daɗe yana kallon abin da ke tafin hannun nan. Mai faci ya ce a kira wani bakanike daga tsallaken titi, ya girgiza kai, ya ce ba hannun da zai sake taɓa motarsa sai a yadin kamfani. Sannan ya dubi Gwadabe, muryarsa a sanyaye kamar kullum.

"Na ce in ka gyara zan kai ka Abuja. Ba ka gyara ba. To kai za ka kai ni. Koma baya ka tura."

Gwadabe ya waiga yana neman masu taimako. Mutanen da ya yi wa alkawarin aiki duk suka shiga duban sama. Ishaku ya ce bayansa na ciwo. Malam Garba ya ce shi doyarsa yake tsincewa. Ya dube ni, na ce masa ni ba ni da tsaftar shiga Abuja.

Ya naɗe hannun shadda, ya dafa but, ya tura. Fijo ta hau kwalta a hankali ta fuskanci Dutsen Zuma, Mista Theophilus na riƙe da sitiyari yana kallon gabansa, rana kuwa ta take. Suna wuce layin mai, direbobi na leƙowa ta taga, na jiyo taubashina cikin haki yana ce musu su duba da kyau, duk Gauraka yau wannan ce kaɗai motar da ke tafiya, kuma ko ɗigon mai ba ta sha.